Wai wannan "maikiro" da ake liƙa wa komai, daga ina ta samo asali?

Dan_Kurna88
Assalamu alaikum 'yan gida. Musu ne ya kaure mana a majalisa kan wannan kalmar da Turawa ke rubutawa micro, mu kuma mu ce maikiro, wadda ake liƙa wa kalmomi a gaba, maikirofon, maikirowef, bankin maikirofainans, maikiro sim da sauransu. Wani abokinmu ya dage kai da fata wai kamfanin Microsoft ne ya ƙirƙiro ta tunda ai su suka kawo kwamfuta, wani ya ce a'a Latin ce, ni kuma na ce Turancin Ingila ce zalla kuma ƙarami take nufi. To sai aka ƙure ni da tambaya, in dai ƙarami take nufi me ya sa nano sim ya fi maikiro sim ƙanƙanta, kenan akwai ƙaramin da ya fi ƙarami? Masana a fitar da mu.

Sadiq_Waya
Wa alaikumus salam. Hhhh wai Microsoft. Kamfanin da aka kafa a 1975? Ai tun ba a haifi kakan Bill Gates ba ake cewa maikiroskof. Su ma aro suka yi, maikirokwamfuta da sofwaya suka yanko suka haɗa, da farko ma da ɗan layi a tsakiya suke rubutawa, Micro-Soft.

MalamLissafi
Wa alaikumus salam. Ba Latin ba ce ba kuma Turanci ba, Girkanci ce. Asalinta mikros, su suna rubuta ta μικρός, ma'anarta ƙarami ko ƙanƙane, kuma har gobe in ka je Atina haka za ka ji suna faɗa, ba wai tsohuwar kalma ce da aka binne ba. A tsofaffin rubuce-rubucensu akwai inda za ka ga smikros da s a farko, duk Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Abin da ke ruɗa mutane shi ne aiki biyu take yi. Akwai aikin baki kawai, wato abin ƙarami ne in an gwada shi da ɗan'uwansa, babu wani awo a ciki. Sai kuma aikinta a lissafi da kimiyya, nan fa ba ta da wasa, kashi ɗaya cikin miliyan take nufi cif, 0.000001. Maikiromita ɗaya kenan ka ɗauki mita ka raba gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Alamarta µ, harafi na 12 a baƙaƙen Girkanci, sunansa mu. Nano ita ma Girkancin ce, daga nanos, wato wada, a awo kuma kashi ɗaya cikin biliyan. In kana da naira biliyan ɗaya a asusu, naira dubu ita ce maikiro ɗin kuɗin, naira ɗaya tak ita ce nano.

Bala_Keke
Malam in ina da biliyan a asusu wallahi ba za ka gan ni a gurup ɗin nan ba 😂

Sadiq_Waya
@Dan_Kurna88 batun sim kuwa bar mana, aikinmu ne. Wannan sunan talla ne kawai, irin aikin bakin da Malam ya faɗa. Sim na farko girman katin ATM yake, shi ya sa har yanzu a jikin babban kati ake ɓalle shi. Wanda muka saba da shi a zamanin Nokia mai tocila shi ne mini, milimita 25 da 15. Maikiro 15 da 12. Nano 12.3 da 8.8, ya shigo ne da iPhone 5 a 2012. Kun ga bambancin ai bai taka kara ya karya ba, robar gefe kawai ake ta ragewa, wannan ɗan zinaren na tsakiya kusan yana nan yadda yake. Shi ya sa lokacin da wayoyin suka fara shigowa muke yanka wa mutane da almakashi ko ɗan injin nan mai kama da sitefula, wani ka yanka daidai wani ka ci masa zinaren ya tafi welkam bak yana zaginka. Da a ce lissafin gaske aka bi, nano ya fi maikiro ƙanƙanta sau dubu, da ko da tabarau ba za ka ga sim ɗinka ba.

Mamman_Maradi
Salamu alaikum. Mu nan Nijar mikro mu ka cewa ba maikiro ba, don hakanan Faransanci ya ka hiddo ta. In malami ya tashi wa'azi sai ka ji an ce a miƙo mishi mikro. Tun lakwal mushe ya koya muna mikrob da mikroskop. Kenan mu munka hi ku kusa da Girkawan, ku Ingilishi ya lanƙwashe muku baki hwa.

MalamLissafi
Gaskiyarka Malam Mamman, wannan karon kun ci gari. Da i ake furtawa a asali, Larabawa ma mikrofon da mikrob suke cewa. Ingilishi ne ya mai da doguwar i ta koma ai, mu kuma muka gada.

Bala_Keke
Ni dai a ganina Hausa ce aka sace, mai-ƙiriri ne suka kasa faɗa

Anti_Zee
Bala don Allah ka bar mu mu ƙaru. Ni tambayata ma daban, ku kuna ta Girka Girka, mu a islamiyya Yunan aka koya mana, Yunanawa su Aflaɗun da Arisɗo. Ƙasa biyu ce ko ɗaya?

Ustaz_Gwale
Ɗaya ce Hajiya. Yunan ta zo mana ta hanyar Larabci, asalinta sunan wani yanki ne da ake kira Ioniya a gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, Girkawan da ke can su mutanen gabas suka fara sani sai sunan ya bi duka al'ummar. Girka kuma ta biyo ta Ingilishi ne daga sunan da Rumawa suka ba su. Abin dariyar su kansu ba sa amfani da ko ɗaya, Ellada suke ce wa ƙasarsu. Kuma kalmominsu sun daɗe da shigo mana kafin zuwan Bature, falsafa ai Girkanci ce da ta yi rawani. A zamanin Abbasiyawa a Bagadaza irin su Hunainu ɗan Ishaƙa suka fassara littattafan likitancin Jalinus zuwa Larabci. Ita maikiron ma malamai sun san ma'anarta ta wata ƙofar, tsofaffin Girkawa suna ce wa mutum mikros kosmos, wato ƙaramar duniya, Larabawa suka fassara al-alamus sagir, za ka same shi a rubutun Ikhwanus Safa na Basra a ƙarni na 10.

UmmuHanan_Chemist
Ku yi haƙuri in dawo da ku kan abin da Malam ya ce na biyu, don a wajenmu maganar rai ce ba musun majalisa ba. Miligiram da maikirogiram tazarar sau dubu ce tsakaninsu. 1 mg daidai yake da 1000 mcg. Matsalar ita ce wannan µ ɗin in likita ya rubuta da hannu cikin sauri, kun dai san rubutunsu, wutsiyar harafin ta ɓace sai ya koma kamar m, mai karantawa ya ga mg. Shi ya sa aka koma rubuta mcg, wasu wuraren ma dole a rubuta kalmar gaba ɗaya. An taɓa kawo min takarda daga wani asibiti maganin maƙoƙo ne, levothyroxine, an rubuta 100 da wani abu a gaba da ba ka cewa ga abin da yake, yaron shago har ya fara tambayata ko ƙwaya nawa za ta kai 100 mg. Maganin nan a maikirogiram ake shansa, 25, 50, 100. Na karɓi takardar na kira wanda ya rubuta. Haka folik asid na masu ciki, abin da WHO ta ce a rana shi ne 400 mcg, wato 0.4 mg, amma 'yar ƙwayar nan rawaya da ta cika kemis 5 mg ce, mata da yawa in sun ga 400 a wani kwali sun ga 5 a wani sai su ɗauka mai 400 ta fi ƙarfi, alhali mai 5 ɗin ta ninka ta fiye da sau goma sha biyu. Don Allah a riƙa duba harafin da ke bayan lamba.

Anti_Zee
Innalillahi, wallahi ni ma haka nake ɗauka. Allah ya saka da alheri Maman Hanan.

Injiniya_Fanka
Mu ma muna fama da harafin nan a gyaran lantarki. Kafasitar fanka maikirofarad ake auna ta, ta silin yawanci 2.5 za ka gani a jiki. Amma kowane kamfani da yadda yake bugawa, wani µF, wani uF don ba shi da harafin a injinsa, wani kuma MFD da manyan baƙaƙe, duk abu ɗaya suke nufi. In fanka ta fara juyawa kamar mai jin barci ko sai ka tura ta da sanda kafin ta tashi, kashi mafi yawa kafasita ce ta mutu ba koyil ba, kada wani ya ce maka sai an yi riwayin. Sai dai akwai masu wayon sa babba, a cire 2.5 a sa 4 wai don ta yi gudu, e za ta yi gudun kam amma koyil zai riƙa zafi, kwana kaɗan ka ji ƙauri.

Abba_Fizis
Oga Injiniya wannan MFD ɗin shi ya fi ba ni haushi, don a ƙa'ida babban M mega ne, sau miliyan, ƙaramin m mili ne, kashi ɗaya cikin dubu, maikiro kuma µ. Wato sun rubuta kishiyar abin da suke nufi. Irin haka 'yan jarida ke yi, ka ga an rubuta tashar Shiroro tana da 600 mw da ƙananan baƙaƙe, wannan ai miliwat ne, ko cajin waya ba zai yi ba. MW ake rubutawa.

Bala_Keke
To ai gaskiya suka rubuta, miliwat ɗin muke gani a unguwarmu

Dan_Kurna88
Hhhh Bala ba ka da dama. Amma Malam har yanzu mai cewa Latin ce bai sauka ba, na nuna masa ya ce to mili da senti fa, ai shi ya san Latin ne kuma duk gidansu ɗaya.

MalamLissafi
A nan yana da gaskiya, kuma ka ce masa ba a banza ya ruɗe ba. Lokacin da Faransawa suka kafa awon mita a 1795 tsari suka yi mai kyau, duk abin da ke ninkawa sama a ɗauko daga Girkanci, deka goma, hekto ɗari, kilo dubu. Duk abin da ke rabawa ƙasa a ɗauko daga Latin, desi, senti, mili. To a mili suka tsaya, don a lokacin wa ke auna abin da ya fi haka ƙanƙanta. Da aka shiga zamanin tangarahu da lantarki sai masana a Ingila suka buƙaci miliyan sama da miliyan ƙasa, wajen 1873 suka tsayar da mega da maikiro, duka biyun Girkanci, megas babba mikros ƙarami, tsarin Faransawa ya karye daga nan. A 1960 babban taron awo na duniya ya kafa tsarin SI ya tabbatar da su tare da nano da piko da giga da tera. Daga nan kuma sai abin ya zama kowa ya kawo nasa, femto da atto na 1964 daga harshen Danmak aka ɗauko, femten sha biyar atten sha takwas, don sifili 15 da 18 ne. Na baya-bayan nan a 2022 aka ƙara ronto da kwekto a ƙasa, ronna da kwetta a sama. Saboda haka wanda ya ga mili da senti ya ce maikiro ma Latin ce, hankali ya yi amfani da shi, tarihi ne bai bi hankali ba.

Sadiq_Waya
Kenan giga da tera na data da hadis ɗin kwamfuta ma Girkanci ne?

MalamLissafi
Ƙwarai. Gigas ƙato ne, irin samudawa, teras kuma dodo.

Sadiq_Waya
Tab, ashe dodo nake sayar wa mutane tera ɗaya

HajiyarLab
Na jima ina karantawa ban sa baki ba. Tunda an ambaci maikiroskof bari in ce wani abu, shi ne abincina. Skopein a Girkanci dubawa ne, kenan abin duba ƙanana, sunan kuma wani ɗan ƙungiyar masana a Italiya mai suna Giovanni Faber ya raɗa a 1625 wa na'urar Galileo. Amma wanda ya fara ganin ƙananan halittun da idonsa ba ma likita ba ne, mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi yake goge gilasansa da kansa, a 1676 ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa ya ga wasu 'yan dabbobi suna yawo a ɗigon ruwa, da farko ma ba su yarda ba. Mu a wajen aiki maikiromita shi ne mudunmu. Jan ƙwayar jini faɗinta tsakanin 6 zuwa 8, gashin kai kuwa wajen 50 zuwa 100. In za mu duba maleriya sai mu shafa jini a gilashi ya bushe, mu zuba masa kala ta Giemsa, mu ɗiga mai, mu sa gilashin sau 100 na ƙasa da na ido sau 10, ya zama an ninka sau dubu, sannan ka hango ƙwayar a cikin jan jinin kamar ɗan zobe mai ɗigo ja a gefe, ita kanta ba ta wuce maikiromita 1 zuwa 2 ba. Amma bairos ba ya ganuwa a irin namu ko ka kwana kana leƙe, don madubin haske iyakarsa wajen 0.2, shi kuma na korona wajen nanomita 100 ne, wato 0.1, sai da na'urar elektiron. To kun ga inda maikiro ta ƙare nano ta karɓa, ba irin na sim ba.

Bala_Keke
Ashe ɗan Kwari ne ya gano bakteriya, a gaya wa 'yan boko

Abba_Fizis
Hajiya kin tuna min ƙurar hunturu. Wannan PM2.5 da ake nunawa a manhajar yanayi, 2.5 ɗin maikiromita ne, wato ƙurar da faɗinta bai wuce haka ba, ta fi jan ƙwayar jinin da kika ce ƙanƙanta, shi ya sa take wuce gashin hanci ta gangara can cikin huhu. Mafi yawan wadda ke rufe mu a Disamba da Janairu daga kwarin Bodele na Chadi iska ke kwaso ta. Masu gidan fiyawota ma in sun ce filta mai maikiron 5 ko maikiron 1 awon kenan, ko da yake sunan maikiron ɗin an soke shi a hukumance tun 1967 an ce a riƙa cewa maikiromita, mutane ne ba su bari ba.

Dan_Kurna88
To maikirowef fa Abba, igiyar tata maikiromita ce kenan?

Abba_Fizis
Nan ne wajen da sunan ke yaudara. A'a. Abin da ake kira maikirowef tsawon zangonsa daga milimita 1 ne zuwa mita 1, na injin ɗuma abinci yana aiki a 2.45 GHz, zangonsa wajen santimita 12, kana iya aunawa da rula. An ce masa maikiro ne don ya fi na rediyo gajarta, su na gajeren zango da iyayenmu ke kama BBC da shi mita goma-goma ne, mita 16, 19, 25, 31 da kuke ji ana faɗa. Aikin baki ne ba na awo ba, duk da masana kimiyya ne suka raɗa.

UmmuHanan_Chemist
To ka ji. Su da kansu suke karya dokarsu sannan su ce mu ne ba ma ganewa.

Mamman_Maradi
Maikirofon hwa? Shi ai ƙara murya ya ka yi, ina ƙanƙanta ciki?

MalamLissafi
Fone murya ce ko sauti. Tun asali an raɗa sunan ne wa abin da zai sa a ji ƙaramin sauti, kamar yadda maikiroskof ke sa a ga ƙaramin abu, kalmar ta girmi wutar lantarkin gida ma. Kuma akwai wadda duk kun sani ba ku lura ba, Omicron, sunan nau'in korona ɗin nan. O mikron ne, ƙaramin o, harafi na 15, ɗan'uwansa o mega babban o shi ne na ƙarshe, na 24. An sa musu sunayen ne daga baya don a bambanta su da furucinsu ya zama ɗaya.

Anti_Zee
Kai Omicron, kada ka tuna min. WHO ta sa sunan ƙarshen Nuwamba 2021, kafin ka ce kwabo Birtaniya ta jefa Najeriya jan layi a Disamba, ƙanwata tana da tikiti a hannu ta zauna, Allah ya sa abin bai kai sati biyu ba suka janye. Ashe ƙaramin o ne ya yi mana wannan aika-aikar.

Abba_Fizis
Kuma haruffan Girkanci biyu suka tsallake kafin su kai gare shi, Nu da Xi. Na farko sun ce zai yi kama da kalmar sabo a Ingilishi, na biyu sun ce sunan mutane ne da yawa.

Talatu_Adashe
Ni duk wannan bai dame ni ba, na banki nake jira a zo. In maikiro ƙarami ne to bashin ne ƙarami, ruwan da ke kai ba ƙarami ba ne wallahi. Na karɓa a wani don in ƙara jarin ƙuli da man gyaɗa, tun kuɗin ba su juya ba an fara zuwa karɓar na sati, ranar da ba ki da shi 'yan ƙungiyarku za a matsa wa su kuma su zo ƙofar gidanki. Na gama biya na koma adashena.

Ustaz_Gwale
Allah ya kyauta Hajiya Talatu. Wanda ya shahara da tsarin, Muhammad Yunus na Bangaladash, da dala 27 ya fara a 1976, ya raba wa mutum 42 a wani ƙauye mai suna Jobra don ya raba su da masu ba da bashi da ruwa mai tsanani, daga baya abin ya zama bankin Grameen har suka samu kyautar Nobel a 2006. Mu nan CBN ta fito da tsarin a ƙarshen 2005, bankunan al'umma na da suka rikiɗe suka koma maikirofainans. Batun ruwa kuma hukuncinsa sananne ne ƙarami ne ko babba, amma wannan wani zaren ne.

Marubuci_Zariya
Abin da ni ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne me ya sa dole sai mun ce maikiro. Hausa tana da nata, ɗan da 'yar da 'yan, kuma a gaban kalma suke zuwa daidai yadda maikiro ke yi. Ɗan littafi, 'yar kasuwa, 'yan kuɗi. Ga ƙanƙane, ga mitsitsi, ga firit. Larabci yana da tasgiri, kitab ya koma kutayyib, Hasan ya koma Husaini. Larabawa suna fassara da yawa daga kalmomin nan, mijhar suke ce wa maikiroskof. Mu ma ai mun ce madubin likita, mun ce ƙwayoyin cuta, wa ya mutu?

HajiyarLab
Malam Marubuci a nan kam ban bi ka ba. Ƙwayoyin cuta ɗin nan ita ta sa mutane ke ɗauka duk abin da ido ba ya gani mugu ne. Mikrob, wanda wani likitan tiyata Bafaranshe Sédillot ya raɗa a 1878, mikros ne da bios, ƙaramin mai rai, babu cuta a cikin sunan. Su ne ke mai da madara kindirmo, su ne ke tayar da burodi, daddawar da ke miyarka bakteriya ce mai suna Bacillus ta dafa ta bayan an rufe kalwa. Ka je ka ce wa mai daddawa ƙwayoyin cuta ne suka yi mata aiki ka ga yadda za ku rabu. Madubin likita ma haka, masu binciken ƙasa da tsirrai da masu gyaran waya duk suna amfani da shi.

Marubuci_Zariya
To sai a gyara fassarar a ce ƙananan halittu, ba a watsar da ita ba.

UmmuHanan_Chemist
A hira na yarda, ka ce ƙananan halittu ka ce ƙaramin bashi. Amma a awo ka bar min maikirogiram ɗina. In ka rubuta ɗan giram a kwalin magani, mili kake nufi ko maikiro ko nano? Duk 'ya'ya ne ai.

Marubuci_Zariya
Sai a zauna a yanke, a ce mitsitsi shi ne na miliyan, firit na biliyan. Su ma Turawan ai zama suka yi suka yanke, Malam ya faɗa da bakinsa, sai wajen 1873 aka tsayar da maikiro a awo.

Abba_Fizis
Hujjarka ta ƙarshe tana da ƙarfi gaskiya. Amma amfanin SI shi ne ɗan Kano da ɗan Tokiyo su ga µg su fahimci abu ɗaya. Larabawan da ka kawo misali ma a awo mikrogram suke cewa.

Bala_Keke
Firitgiram 😂😂 Likita ya ce ka sha firitgiram ɗari biyu safe da yamma

Mamman_Maradi
Akwai ma ƙasa sukutum mai sunan, Mikroneziya, cikin tekun Fasifik. Mun karance ta a jogarafi, ƙananan tsibirrai kenan, nesos shi ne tsibiri, kamar na Indonesiya.

Dan_Kurna88
Na karanta wa 'yan majalisa duka. Mai Microsoft ya yi shiru, mai Latin kuma ya ce shi a ba shi rabin maki saboda mili da senti, yanzu kuma ya koma kan mini, wai ita ma Girkanci za ku ce?

MalamLissafi
A'a wannan a ba shi, mini ta gidan Latin ce. Kishiyar maikiro a Girkanci kuma makro, daga makros, dogo, masu karatun tattalin arziki sun san su biyun.

Injiniya_Fanka
Wani ya turo min hoto ta inbox yana tambaya ko zai iya sa kafasitar injin ruwa a fanka tunda duka uF aka rubuta. Don Allah kada ka sa, duba lambar, taka ta injin 20 ce ta fanka 2.5, akwai ɗigo a tsakiya.